Mushe Alƙasum da Gonar Zalika

Ƙarfe bakwai na safe, cikin zafin bazara, tun rana ba ta fara gasa ƙasa ba, Mushe Alƙasum (Mushe, wato "malam" da faransanci) ya riga ya iso gindin dogon yaron da ke ƙofar gidan shari'a na garin Tawa. Yakan jingine kekensa, ya buɗe mashin ɗin rubutu, ya yi bismilla, sannan ya dubi na farkon layi. Shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Mai rubuta wa jama'a takardu ne, irinmu da ba mu iya faransanci ba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan zama, kuma ƙarshen watan nan zai naɗe kaya, don ido ya fara yi masa gardama.

An san shi da wata ɗabi'a da ke ba masu gaggawa haushi. Ba ya rubuta cewa an yi abu "bisa doka" ya wuce. Sai ya ɗauki layi uku ko huɗu a saman takarda ya bayyana wace doka ake nufi, ta wace ƙasa, ta wace shekara. Wasu na cewa ɓata takarda ne. Ciɗo mai shayi, da ke zama kusa da shi, ya taɓa faɗar haka, amma ya daina tun abin da ya gani da idonsa.

A farin 1984 ne, lokacin da hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Wata mata daga Takanamat, Zalika, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da gona ɗaya. Yunwa ta sa dole ta bi ayarin masu gangarawa Sakkwato. Ta yarda ta ba maƙwabcinta Sabo aron gonar har ta dawo, suka zo a rubuta.

"Mushe, rubuta dai ta ba ni aro bisa doka," in ji Sabo. "Mota na jiranta."

"Wace doka, Malam Sabo?"

"Doka dai! Su nawa ne?"

"Inda za ta, in ta ƙetara Ƙonni, tasu daban. Nan gida akwai ta littahi, akwai abin da soja sunka hwaɗi ga rediyo, akwai al'adar garinku. Wace cikinsu kunka yi magana a kai?"

Zalika ta gyara goyonta ta ce, "Baba, ni wadda na sani ita ce ta garinmu. Wanda ya ari gona ya ci amfaninta, ran da mai ita ya dawo ya maida mai."

"Ka ji, Malam Sabo? Haka ne?"

"Haka ne mana. Wa ya ce ba haka ba?"

Yadda Ciɗo ke ba da labari, direba ya yi ta danna oda, Mushe Alƙasum bai ko ɗaga kai ba. Da yatsa biyu ya buga cewa duk inda takardar ta ambaci doka, ana nufin dokar Jamhuriyar Nijar wadda ta bar wa alƙali ya yanke maganar gona bisa al'adar masu ita, ya sa lambarta da shekararta, da duk gyaran da za a yi mata nan gaba. Ya ƙara da cewa al'adar da ake nufi ta Adarawan Takanamat ce ta aron gona. Ya karanta musu da Hausa sau biyu, a hankali, kafin ya bar su su dangwala yatsa.

Shekara biyu Zalika tana can tana daka da wankau a gidajen mutane. Da ruwa ya dawo ta komo da 'ya'yanta, ta tarar da gonar shar da gero. Sabo ya ce ai mulkin soja ya sanar tun tuni cewa gona ta mai noma ta ce, kuma shi ya noma. Mutanen gari suka rabu biyu. Ita kuwa ba ta da wata ƙasar, ko taki ɗaya. In gonar ta tafi, sai dai ta sake kwashe yara ta koma inda ta fito.

Ranar shari'a ta ciro takardar daga cikin wata tsohuwar ledar sukari. Alƙali ya karanta layukan sama, ya sake karantawa, ya tambayi Sabo ko wannan yatsansa ne. Sabo ya ce nasa ne. Alƙali ya ce to, ku da kanku kun faɗi dokar da za a auna ku da ita, da ita zan auna ku. Gona ta Zalika ce. Amma al'adar nan ɗaya ta ce mai aro ba a raba shi da abin da ya shuka, don haka Sabo zai girbe geronsa tukuna. Shi ma yana da yara bakwai.

Da suka fito Sabo ya tsaya gaban teburin Mushe Alƙasum ya ce, "Kai dai, Mushe, da tambayarka!"

"Tambayar ce ta bar maka geronka," in ji shi, ya jawo wata takardar.

Mushe, kai ne ka ga rigimar shekara biyu kafin ta zo, kana zaune a kan benci, mota na oda. Kai ne ka san mai yunwa ba ya da lokacin tunanin gobe, sai ka yi masa tunanin. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba ka da hula mai tambari, amma bana 'ya'yan Zalika sun yi shuka a gonar ubansu. Allah kaɗai ya san irinta nawa ne daga Tebaram zuwa Tawa, masu rijiya da masu garke, da layukanka huɗu suka tsare.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma samarin da za ku gaji gindin itacen nan, don Allah ku riƙa tambaya kafin ku buga, ko da mai takarda zai yi fushi.

Jiya da hantsi, wani tsoho makiyayi mai rawani, Rissa, ya zo wucewa da takardarsa, tambur ɗin gwamnati, wato kan sarki, da ke jikinta ya ɓamɓare yana lilo. Ba Mushe Alƙasum ne ya rubuta ta ba. Ya dai miƙa hannu ya karɓa, ya lakato ƙaro ya shafa, ya danne da babban yatsa har ya kama. Daidai nan aka ƙwala kiran sunan Rissa daga cikin gidan shari'a. Tsohon ya fizgi takardar ya shige da sauri, ko waiwaye bai yi ba. Mushe Alƙasum ya goge yatsansa a gefen tebur ya ce, "Wa ke biye?"