Wutar da ke Cikin Ruwan Sanyi

Wata safiyar Lahadi ce a watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu na firamare, ba a daɗe da haihuwar ƙanena Yohanna ba. An kwana ana ruwa a Kafanchan. Itacen da muka jera a bayan kicin ya jiƙe sharkaf, risho kuma babu kananzir. Kaka, mahaifiyar Baba, wadda na ci sunanta, ta zo daga Manchok don yi wa Mama wankan jego, tana zaune a baranda tana jiran ruwan zafi. Dafa ruwa aikina ne, kamar shara da ba kaji dusa. Na cika bokitin ƙarfe, na rataya hita a bakinsa, na cusa wayoyin a soket na danne su da tsinken ashana, domin kan filogin ya daɗe da karyewa. Na je na wanke kwanuka na dawo. Ruwa shiru. Babu 'yan kumfan nan da ke taruwa a jikin ƙarfen, babu ƙarar da yakan yi kamar ana suya a maƙwabta.

Na kira Baba. Ma'aikacin layin dogo ne, mai sanyin hali, ya riga ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Ya bi abin daki-daki. Ya kunna ƙwan ɗaki, ya ga akwai wuta, kuma da ƙarfinta. Ya zare hitar ya sa rediyo, muryar mai wa'azi ta fito. Ya murza wayar a tsakanin yatsunsa ko ta tsinke daga ciki, ya kankare bakinta da reza, ya canja ashana, ya mayar. Ruwa bai motsa ba. Sai ya shiga ɗaki neman tastarsa, ɗan sukudireban nan mai ƙwai a gindi, ya bar hitar a jone.

Dokar Baba ɗaya ce: "A cire waya kafin a taɓa ruwa." Amma wutar da Kaka ta sani tana da hayaƙi da toka, in ta mutu ta mutu. Jariri yana ta kuka, ita kuma ta gaji da jira.

"Takwara, sa hannu ki ji mana," in ji ta, da irin Hausarta. "Wutan ya mutu, me kina tsoro?"

A gidanmu yaro ba ya musu da Kaka. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, ƙafata ba takalmi, na miƙa hannu. Har yau ina ganin fuskata a cikin ruwan nan. Ban ji tahowar Baba ba, sai ji na yi an bangaje ni a ƙirji. Na faɗa kan turmi, leɓena ya fashe. Bai taɓa dukana ba, kafin ranar ko bayanta.

Bai ɗaga ni ba tukuna. Ya ɗora bakin tastar a jikin bokitin, ƙwan ya kama jawur. Da ya cire wayar ya ɗaga hitar sama, muka ga wata tsaga siririya kamar silin gashi. Ta nan wuta take zuba cikin ruwa, ba ta kuma ɗumama shi. Kaka ta dafe kai, ta ce wace irin wuta ce wannan da ba zafi ba hayaƙi. Baba ya goge mini baki da farar rigarsa. "Mamana, yi haƙuri," ya ce mini. Ya jefa hitar a masai, ya karɓo gawayi wurin Maman Sadiya maƙwabciyarmu. Ranar ba wanda ya je coci.

Baba ya rasu a daminar bara. Yanzu hitata a bango take, da makunninta, ba ashana ba bokiti. Watan jiya ta daina ba da ruwan zafi, 'yata ta nufi famfo za ta tara hannu ta ji. Na riƙe ta da ƙarfi har ta yi kuka, na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na zauna jiran mai gyara da tastar Baba a hannuna. Tabon leɓena yana nan, da harshe nake jin sa. Hannun da ya ture ni ne babu.