Jan Katin da Ya Makara

Ko da zuciyata ta so ta manta ranar da Baba ya ba da jan kati, ƙwaurina na hagu ba zai yarda ba. Duk sanda hadari ya haɗo, shi yake riga masu hasashen yanayi sani, ya ɗan tsunkule ni ya ce in tuna. Ina kuwa tunawa, ga shi har ni ma na zama malamin makaranta mai furfura a gemu.

Ni ne ɗan farin Baba, kuma an san abin da wannan ke nufi a gida irin namu. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Idan yana nemana, "Ina yaron nan?" Idan ina gabansa, "Kai." Shi ne hedimastan firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Baure, kuma ranar da malamin ajinmu bai zo ba ya karɓi kiran suna, idan ya iso kaina sai ya yi gyaran murya ya tsallake, ni kuma in amsa wa gyaran muryar. Wajen kara kuwa ba a magana. In na yi faɗa da ɗan maƙwabta ba a zaman bincike, ni ne mai laifi, ko da bakina aka fasa. A gidanmu kara ita ce ka danne naka don kada ɗan wani ya ji kunya, kuma Baba ya riƙe ta kamar tana cikin manhaja.

Ban da alli, Baba yana da usur. Yana saurayi ya je Katsina ya yi kwas na alƙalancin ƙwallo, ya dawo da kati biyu. Na gargaɗin ya koɗe saboda aiki. Jan kuwa yana nan sabo fil, bai taɓa ganin rana ba, don a ra'ayin Baba yaro ba a korarsa, nasiha ake yi masa. Yakan tsayar da wasa ya yi wa mai keta darasi har 'yan kallo su fara hamma.

A shekarar da nake ba da labari ina kwalejin horon malamai, na dawo hutu bayan an gama girbi, na tarar ana gasar ƙauyuka. Muka kai wasan ƙarshe da garin da ke maƙwabtaka da mu. Ga rago an ɗaure a gindin darbejiya yana jiran masu rabo, ga jama'a sun zagaye filin makaranta, sai labari ya zo cewa alƙalin wasan da aka ɗauko daga Daura babur ɗinsa ya lalace a hanya. Rana tana ta yin ƙasa. Mutanen garin can ne da kansu suka ce a ba Malam usur.

Kocinmu, wanda malamin Hausa ne a makarantar Baba, ya ce, "Ku fa sani ɗansa na cikin 'yan wasanmu."

Suka ce, "Mun sani. Mun yarda da Malam."

Na ɗauka yabon adalcin Baba suke yi, har kaina ya ɗan kumbura. Sai daga baya na gane ashe sun fi ni sanin ubana.

Ni ɗan gaba ne, kuma wanda aka sa ya tsare ni shi ne mai lamba biyar ɗinsu, ɗan wani Alhaji dillalin shanu, aminin Baba tun suna makarantar allo. Alhajin yana zaune a kan benci a sahun gaba. Ɗan nasa ƙato ne, ba mugu ba ne a zuciya, sai dai ƙa'idarsa a fili ita ce ƙwallo na iya wucewa, amma ban da mai ita.

Ba a daɗe da farawa ba ya kwashe min ƙafa. Na dubi Baba, Baba ya dubi sama kamar mai neman wata, ya ce, "A ci gaba!" Karo na biyu mai lamba biyar ya ja rigata har ta yage. Usur ya yi ƙara, na ce alhamdu lillahi, ashe ni aka busa wa. "Kai, ka daina faɗuwa." Ina kakkaɓe ƙasa na ji mai lamba biyar yana ce wa abokinsa, "Ɗansa ne, ba zai busa ba. Ku shiga kawai." Na koyar da yara shekara da shekaru, ban ga darasin da ake ɗauka da sauri kamar sanin abin da mai hukunci zai kau da kai a kansa ba. Kafin hutun rabin lokaci kowane ɗan baya nasu ya ɗanɗani ƙafata.

Da aka tafi hutu, kocinmu ya je ya ɗan rusuna wa Baba. Ina kusa, ina zuba ruwa a idon sahuna.

"Allah ya gafarta Malam, karar nan taka fa saura a ƙara mata 'ya' ta zama karaya."

Baba bai ko yi murmushi ba. "Koma wurin yaranka, Malam. Namiji ne, ba ƙwai ba."

An dawo ba da jimawa ba aka zuro min ƙwallo ta tsakiya. Na wuce mai lamba biyar, na hango gola shi kaɗai, har na fara tunanin kusurwar da zan sa ta. Ban ga mai lamba biyar ba, ta baya ya zo. Waɗanda suka gani sun ce ƙafafunsa biyu duk sun bar ƙasa, ƙusoshin takalmi a gaba, ƙwallo kuwa ta riga ta yi nisa. Ni dai abin da na ji shi ne ƙara irin ta busasshen karan dawa idan an taka shi, sai na gan ni kwance ina kallon ƙafata ta juya inda ba a halicce ta ta juya ba.

Usur ya yi doguwar ƙara, fili ya yi tsit. Daga inda nake kwance ƙafafun Baba kawai nake gani suna tahowa a hankali. Ya wuce ni bai dube ni ba, ya tsaya gaban mai lamba biyar, wanda tuni ya tsuguna yana jiran nasiha.

Alhaji ya miƙe daga benci. "Kai, wane irin sakarci ne wannan? Malam, a yi haƙuri, yaro ne."

Ya yi nasa ke nan, ya tsawata wa ɗansa a gaban jama'a. Saura na Baba, kuma babu wanda bai haddace amsar ba: haba Alhaji, ba komai, ai wasa ne, shi ma wannan bai iya faɗuwa ba. Daga nan a ɗaga koɗaɗɗen katin gargaɗi, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ni kaina, duk da azabar da nake ciki, abin da nake jira ke nan. Ban taɓa ganin an yi wani abu dabam ba.

Baba ya sa hannu a aljihu. Abin da ya fito ja ne jawur, yana ƙyalli a hasken la'asar.

Fili ya kaure. "Son kai! Don ɗansa ne!" Wasu har suka fara kutsowa. Alhaji ya tako har bakin layi. "Malam, ni za ka yi wa haka? A gaban mutane?"

Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun a ce ya fifita nasa, ga shi yau ana jifansa da ita daga kowane ɓangare. Amma bai sauke katin ba. Ya ɗaga irin muryar da yake tsayar da yara da ita a layin safe.

"Gaskiya kuka faɗa, don ɗana ne. Da ɗan wani ne, da tun kafin hutu katin nan ya fito. Don ɗana ne ya makara." Ya dubi mai lamba biyar. "Tashi ka fita."

Sau biyu ya faɗa. Ɗana. Ina kwance a ƙasa da karyayyen ƙashi, hawayen da na riƙe tun ɗazu suka zubo, jama'a kuma suka ɗauka zafin ƙafa ne. Ban gyara musu ba. Baba kuwa ya juya ya ce, "Ku ɗauke yaron nan daga fili," ya koma yadda na san shi.

Aka sa ni a bayan a-kori-kura zuwa asibiti a Daura. Baba ya tsaya ya ƙarasa alƙalancin, kuma don labari ya cika, su goma suka ci mu, rago ya bi su gida.

Alhaji ya ɗauke ƙafa daga gidanmu na wani lokaci. Ranar da ya zo dubiya, da ɗansa a bayansa kai a sunkuye, ina kwance a zaure ƙafa cikin filasta. Bayan an yi ya mai jiki, ya ce, "Malam, har yanzu katin nan yana yi min zafi."

Baba ya ce, "Ni ma haka, Alhaji. Amma kara da abin da ka mallaka ake yi. Ƙafar nan ba tawa ba ce."

Daga ranar wasan nan Baba bai sake riƙe usur ba, kuma har ya bar duniya bai kira sunana ba. Mai lamba biyar yanzu shi ya gaji dillancin ubansa, in muka haɗu a kasuwa sai ya ce, "Malam, ya ƙafar da na gyara maka?" in ce masa tana gaishe shi duk damina.

Abin da ranar ta koya min shi ne, ba ketar ƙarshe ce take karya ƙafa ba, ta farko ce wadda aka gani aka dubi sama. Kara kyakkyawar ɗabi'a ce, ban raina ta ba, amma wanda aka ba usur ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙin kowa, har da na ɗan cikinsa. Ni nake alƙalancin wasannin makarantarmu yanzu, ɗan farina kuma yana cikin 'yan wasa. Ni ma bakina ba ya iya kiran sunansa a gaban mutane. Amma in aka taka shi, usur ɗina ba ya jin kunya.