Bushiya a Bayan Shago

A gidanmu na unguwar Highbridge, a Bronx ta birnin New York, babu murhu, babu tsakar gida. Hawa na biyar muke, a wani dogon gini da lif ɗinsa ya fi yawan kwana a lalace. Abin da ya tsaya mana a matsayin wuta shi ne wata 'yar hita mai jan ƙarfe biyu, wadda Kaka take jawowa gaban ƙafafunta da zarar an idar da magariba. Farkon shekarun dubu biyu da goma ne, ina da shekara tara, ƙanwata Zuwera tana da shida. Mahaifiyarmu, Mma, tana aikin kula da wata tsohuwa a Manhattan, sai bayan isha'i take dawowa, don haka tsakanin magariba da dawowarta mu na Kaka ne.

Daga zangon Kumasi aka ɗauko Kaka Memuna, mahaifiyar Mma, don ta riƙe mu. Mahaifinta Bakano ne, kuma ba ta bari kowa ya manta. Ban taɓa ganin mutumin da ya iya raini kamarta ba. Ta raina Hausar maƙwabtanmu, wai ba ta bambance mace da namiji. Ta raina tumatirin Amirka, wai ruwa ne aka sa wa jar riga. Mu jikokinta kuwa, da muke jin Hausa mu amsa da Turanci, cewa take kunnenmu na gida ne, bakinmu na haya.

Anti Fusena, ƙanwar Mma, tare da mu take zaune. Tela ce, kekenta yana bakin taga a falo. Da ɗinkin salla da na biki take yi wa matan unguwa, sai ta haɗu da wata Baturiya mai shago a Brooklyn, wadda ke sayar da kwat da siket na mata irin na shekarun alif ɗari tara da hamsin: kafaɗa a ɗage, ƙugu a matse, siket ya sauka ƙasan gwiwa. Sababbi ake ɗinkawa, amma da tsofaffin takardun yanka na wancan zamani, sirara, masu launin ƙasa, an zana kowane ɓangare na riga a jiki. A shimfiɗa su a kan yadi, a kafe da fil, a bi da almakashi. A bayan ambulan ɗinsu akwai zanen mata masu ƙugu kamar na zanzaro, da hula da safar hannu.

"Me kika ce suna ce wa kayan nan?" in ji Kaka, ranar da ta fara ganin ambulan.

"Bintej, Mma, wato kayan zamanin da," in ji Anti, don ita ma Mma take kiran Kaka.

"Bintej." Ta taɓe baki. "A Kumasi obroni wawu muke cewa, kayan Baturen da ya mutu. Yanzu kuma sun ƙare na matattun, sun koma kwaikwayonsu."

Duk da haka hannunta bai bar kayan ba. Anti ta iya keke, amma kwala da ƙofar maɓalli sai Kaka. Takan naɗe kwalar a kan yatsanta, ta yi ta cusa ƙananan ɗinki a ƙasanta, layi bayan layi, har kwalar ta kwanta da kanta ba tare da an sa dutsen guga ba. In an gama komai, aikin ƙarshe na Anti shi ne ta ɗinka wani ɗan ƙyalle a bayan wuya. Sunan Baturiyar ne a jiki, a ƙasansa kuma an rubuta cewa da hannu aka ɗinka, a ɗakin ɗinkinta na Brooklyn.

Sau ɗaya matar ta taka gidanmu. Ba zan rubuta sunanta ba, Kaka ma ba ta taɓa riƙe shi ba, Mai Jambaki take ce mata. Ta hau bene hawa biyar tana haki, gashi a nannaɗe irin na matan ambulan, ta tsaya a tsakiyar falo tana ɗaukar hoton komai da waya, ban da mutanen ciki. Ta kawo sabuwar takardar yanka. Kaka ta miƙa hannu za ta duba, sai matar ta janye ambulan ɗin zuwa ƙirjinta, ta ɗaga murya tana jan kalmomi kamar mai magana da kurma. Ni ce tafinta. Na ce, "Kaka, wai kar ki taɓa, tsohuwa ce sosai, za ta yage."

"Tambaye ta shekararta nawa, takardar."

Na tambaya. Ta ce ta kusa sittin.

"To gaya mata na girme ta. Kuma ni ban yage ba."

Ban gaya mata ba. Kunya nake ji. A idona na lokacin matar nan ita ce gayu, Kaka kuwa tsohuwa ce mai zani biyu da safa a cikin silifa. Na yi murmushi na ce Kaka ta ce takardar tana da kyau. Daga nan matar ta ɗauki wata kwat da aka gama, ta shafa kwalar, ta shiga yi wa Anti bayanin yadda ake yin irinta, tana karantowa daga waya. Anti tana ta "Yes, madam. Yes, madam." Wadda ta yi kwalar tana zaune taku uku daga wurin, tana kallon bango.

Da magaribar ranar Kaka ta jawo hita, muka zauna a kan kafet, Anti tana kan keke ta ba mu baya.

"Ga wata nan tafe," in ji Kaka. "Wanda ba ya son ji ya toshe kunne."

Ta ce a garin tsuntsaye an yi wata Hankaka mai shagon ɗinki. Zare ma ba ta iya sa wa allura ba. Amma kullum da safe sai ta ɗauki allin tela ta goga a ƙirji, don duk wanda ya gan ta ya ce ga ma'aikaciya. A bayan shagon, cikin wani rami, akwai Bushiya. Ita ke yanka, ita ke ɗinki, allurai dubu a soke a bayanta don kar ta ɓata lokacin nema. In ta gama sai Hankaka ta leƙo, ta ɗauke, ta rataye a gaba. Tsuntsaye su yi ta yabon hannun Hankaka.

Rannan Jimina, sarauniyar garin, ta aiko tana son kwat ta zuwa biki, kuma ƙugu irin na Zanzaro take so. Hankaka ta je ta kwantar da Zanzaro a kan takarda, ta zana shi, ta kawo wa Bushiya. Bushiya ta duba ta ce, "Wannan ba zai shige ta ba, sai an je an auna ta." Hankaka ta ce, "Ke da takarda wa ya fi sani?" Bushiya ta ce, "To, madam."

A nan Kaka ta lanƙwashe murya ta yi ta siririya, ta maimaita: "To, madam. To, madam." Muka fashe da dariya. Keken Anti ya rage gudu.

Bushiya ta ɗinka daidai da takarda, kwat mai kyau, babu zare ɗaya a waje. Aka kai fada. Jimina ta cusa wuya, wuya ya wuce, jiki ya ƙi. Ta ce wa Hankaka, tun da ke kika ɗinka, buɗe min nan, ƙara min can, ina tsaye. Aka miƙa wa Hankaka allura. Ta juya ta, ta sake juya ta, ba ta san ina ne kan ba. Ta sa baki ta ja kwat ɗin da ƙarfi, kwat ta yage, ta tafi da gashin wuyan sarauniya da na cinyoyinta. Shi ya sa har yau Jimina take yawo wuya tsirara. Hankaka ta tashi sama, ta koma wani gari da allinta a ƙirji, ta buɗe sabon shago.

"Grandma, Bushiya fa?" in ji Zuwera. "Sun san ita ce ta iya?"

"Wa ya tambaya? Ta ji hayaniya, ta dunƙule, ta juya wa duniya allurai. Tana nan a dunƙule."

Na ce Hankaka muguwa ce.

"Hankaka Hankaka ce, abin da ta iya ta yi. Jimina kuwa sakarya ce, mai jiki kamar rumbu tana neman ƙugun ƙwaro. Amma babbar wawuyar ita ce ta cikin rami. Hannu nata, ido nata, ƙashin baya nata, suna na wata. Kuma ita da kanta take manna sunan." Ta shafa ƙwaurinta. "Iyakarta ke nan. Rahina, kashe hitar nan, ta fara gasa ni."

Keken ya tsaya cak. Anti ba ta juyo ba.  Sai ta miƙe ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba.

Bayan mako biyu Anti ta kai kwat uku Brooklyn, babu ƙyallen suna a ko ɗaya. Ta gaya wa matar cewa ko a sa sunanta da na Kaka a ƙasa, ko matar ta manna nata da hannunta. Matar ta ce za ta yi tunani. Ba ta sake kira ba. Akwai ramuka da yawa a New York.

Abin ya yi wa gidanmu ciwo. Anti ta riga ta saki matan unguwa, sun koma wajen wasu teloli. Ta rufe keke da zani, ta shiga aikin kula da tsofaffi irin na Mma, tana fita da asuba ta hau bas biyu. Na ji Mma tana ce wa Kaka, "Kin ga abin da tatsuniyarki ta jawo?" Kaka ta ce, "Ni labarin tsuntsaye na ba yara." Ko a fuska ba ta nuna nadama ba. Na ji haushinta ƙwarai a wancan lokacin. Na ɗauka tsohuwa ce kawai mai ɗacin baki, wadda ta fi son a rasa aiki da a ce ta yi shiru. Sai da aka shekara uku kafin Anti ta yaye zanin, ta fara ɗinka irin kwat ɗin nan da sunanta, tana sayarwa a intanet, ɗaya yau, ɗaya wata mai zuwa. Ba ta yi arziki da shi ba, kuma ba ta daina zuwa aikin tsofaffin ba.

Kaka ta koma Kumasi ina aji na ƙarshe a sakandare, can ta rasu. Ranar da aka yi mata addu'a a nan Bronx, bayan mata sun watse muna tattara kwanuka, na ba Mma labarin Bushiya don mu yi dariya. Mma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba ta taɓa gaya muku ba?" Ashe tun Kaka tana budurwa, kafin a haifi Mma, ta yi shekara goma sha ɗaya a bayan shagon wata Baturiya a Kumasi, tana ɗinka wa matan manyan ma'aikata irin waɗannan kwat ɗin. Ta ƙofar baya take shiga. In masu kaya sun zo gwaji, sai a ce ta koma ciki ta ja labule. Matar ta tattara ta koma ƙasarsu ba tare da ta taɓa faɗa wa mutum ɗaya sunan mai ɗinkin ba. Kaka kuma ba ta taɓa buɗe baki ta nema ba.

Na daɗe ina juya wannan. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan Mai Jambaki ce. Da na ƙara wayo na ɗauka a kan Anti ce, bulala ce aka naɗe da labarin tsuntsaye. Yanzu na san siririyar muryar nan da ta ba mu dariya, ba Anti take kwaikwayo ba. Muryarta ce ta ƙuruciya, ta riƙe ta fiye da shekara hamsin, ba ta yafe mata ba. Duk rainin da ta yi wa mutane da abinci da gari, ragowa ne. Mafi yawansa a kanta ta ƙarar.

Ban san ko ta kyauta wa Anti ba. Na taɓa tambayar Anti, ta ce ba ta sani ba ita ma, amma ko an mayar da ita wancan makon, haka za ta kai kayan babu ƙyalle.

Mai Jambaki kuwa tana nan. Kwanakin baya na ci karo da bidiyonta a waya, gashi ya yi fari, tana koya wa mata yadda ake ɗinka kwala da hannu, tana cewa sirri ne da ta gano bayan shekaru tana bincike. Na kalla har ƙarshe. A juye ta riƙe kwalar.