'Yata Ba Ta Cin Gyaɗa

'Yata ta sha kunun gyaɗa ranar da aka yaye ta, ta kusa mutuwa. A Montreuil ne, gefen Paris, cikin ɗakin da muke haya ni da uwarta.

Ni gyaɗa ce ta raine ni. A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi nama sai salla, man shanu sai gidan masu shanu. Duk maiƙon da ya shiga jikinmu daga gyaɗa ya fito. Uwata takan soya ta, ta niƙa, ta matse mai, ta murza tunkuza ta yi ƙuliƙuli. Yaro ya rame, a zuba masa mai a kan wake. Mace ta haihu, a dama mata kunun gyaɗa. Ba gidanmu kaɗai ba, ƙasar duka haka take ci. Da na zo Faransa ma ita ta riƙe ni. Tsire nake yi a bayan gidan kwanan ma'aikata, hannuna kullum cikin garin ƙuliƙuli.

Ranar yaye uwarta ta dama kunu yadda aka dama mana. Kaɗan yarinyar ta sha. Leɓenta ya kumbura, idanunta suka rufe, numfashinta ya koma kamar usur. Na saɓa ta na sauka ƙasa, wani maƙwabcinmu Balarabe ya kira motar asibiti. Tun a hanya suka soka mata allura a cinya.

Likitar ta ce jikin yarinyar ba ya karɓar gyaɗa, ko ɗanɗano, kuma kada mu sa rai zai saba. Ta ba mu allura irin wadda aka yi mata, ta ce kada ta rabu da aljihuna. Ta tambaye ni aikina, na gaya mata. Ta dubi hannuna. Na gane. Na bar wa abokin aikina wuƙa da tsinke, na shiga dako a kasuwar Rungis.

Dako bai dame ni ba. Mutanenmu ne suka dame ni, don ba wanda ya yarda. Wani ya ce ciwon Nasara ne. Wani ya ce, "Bahaushiya ba ta cin gyaɗa? To me za ta ci, ciyawa?"

Tana shekara huɗu aka yi wani suna a unguwar Aubervilliers. Gwaggon matata, Hajiya, ta zo ziyara daga Damagaram da kwalbar mai a jakarta. Ina zaune wajen maza na ji ƙanshin. Wanda aka haifa kusa da turmi ba ya mance ƙanshin man gyaɗa. Matata tana kicin, ba ta gani ba. Na tashi na shiga ɗakin mata.

Yarinyar tana cinyar Hajiya, kwanon ɗanwake a gabansu, an buɗe kwalba. Suruka ce. A gida ko ido ba zan haɗa da ita ba. Na riƙe mata hannu.

Na ce, "Hajiya, ajiye."

Ta ce, "Kai, wa ya shigo da kai cikin mata? Dubi ƙafafun yarinya kamar tsinke! Man gida ne, da hannuna na matse."

"Shi ya sa. Ajiye."

"Da shi na raini uwarta. Kun zo nan kun zama Nasara, har da zaɓen abinci."

Wata daga bayan ɗaki ta ce, "Jama'a, mai tsire ya tuba da gyaɗa!" Aka yi dariya.

Na ciro allurar na ajiye kusa da kwanon. Na ce, "Wannan a cinya ake soka mata. Na taɓa gani. In kin ba ta, ke za ki soka, ke za ki bi motar asibiti."

Hajiya ta dubi allurar, ta dubi cinyar yarinyar. Ta rufe kwalba, ta ce a kawo mata ruwa da sabulu. Ba ta sake yi mini magana ba har ta koma gida. Bayan wata biyu ta aiko mana da kuka da busasshen zogale, babu mai a ciki.

A hanyarmu ta komawa daga sunan na gaya wa matata za mu tashi. A Paris kowace Asabar suna ne ko biki, kuma duk hannun da ke son yarinyar da ƙuliƙuli yake miƙo mata. Ba zan iya tsare kowane hannu ba. Ta yi kuka, don 'yan uwanta suna Paris. Ban ja magana ba. Da aiki ya samu a Lyon muka tafi.

Yanzu a Lyon nake, ina loda kaya a wani sito. Man Turawa muke girki da shi, ba ƙanshi, mun saba. Yarinyar ta shiga sakandare, ita ke karanta bayan kowane kwali kafin ya shiga gida, allurar tana jakarta. Ni wani lokacin nakan sayi ƙuliƙuli wajen wani ɗan Tawa, in zauna bakin kogi in cinye. Sai in wanke hannu da baki, in tafi gida.