Hotunan da Ba Na Ciki

A lokacin da wannan abu ya faru, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ɗan manomi daga Lajawa ta ƙasar Wudil, wanda bai taɓa wuce Kano ba. Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ne, gwamnati tana ta tura ɗalibai ƙasashen waje, ni ma rabo ya faɗo kaina aka tura ni Ingila koyon aikin madatsar ruwa. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta kallona sosai in da mutane a wurin. Ranar da zan tafi ma ba ta fito ba. Ƙanwata ce ta kawo mini ƙullin dakuwa da yaji, ta ce in ji Inna Allah ya tsare.

Ban yi wata biyu a can ba na sayi kyamara, daga nan kuma ƙafata ba ta sake zama ba. Duk hutun da aka ba mu sai mu hau jirgin ƙasa ni da abokaina mu shiga yawon buɗe ido. Na ga tsofaffin gidajen sarauta da aka mayar wurin kallo, na hau dogon benen ƙarfen nan na Faris har kaina ya yi ta juyawa, na je wani gari a Italiya da titunansa ruwa ne, mutane suna zuwa cefane a kwale-kwale. Na tuna masuntan kogin Wudil, na ce da a nan suke da sun zama manyan direbobi. Na yi mamakin mutanen da ke cin abinci suna tafiya, da gaisuwarsu da take ƙarewa tun ban gama buɗe baki ba. Duk abin da na gani sai in ɗauki hotonsa, in wanke, in rubuta bayani a bayansa, in aika gida. A raina ina wayar wa mutanen ƙauyenmu da kai ne.

Abu ɗaya ne babu a cikin hotunan, wato ni. Dalilin kuwa abin dariya ne in an ji shi yanzu. Na tara suma irin wadda samari ke yayi a lokacin, har hula ba ta zama a kaina, ga wando mai faɗin ƙafa da riga ɗamammiya. Mahaifina kuwa mutum ne da wanzami ba ya sati biyu bai zauna a kansa ba, kuma a wurinsa tara suma alamar yaro ya lalace ce. Na san hotunan a zaure ake fara buɗe su, dattawa su yi ta miƙa wa juna kafin su shiga cikin gida. Saboda haka sai na zama mai ɗauka kullum, ba wanda ake ɗauka ba.

Ƙanwata ce mai rubuto mini wasiƙa, don ita ma ta yi makaranta. A shekara ta biyu ta rubuto cewa an ga gine-gine an gode, amma a cikin gida ana son hoton da nake ciki. Na san wa take nufi, domin Inna ba za ta taɓa buɗe baki ta ce tana son ganin ɗan farinta ba. Na amsa cewa yana nan tafe. Bayan wata uku ta sake rubutowa, wannan karon ba ta ɓoye komai ba. Ta ce idon Inna yana damunta, hazo-hazo take gani, an kai ta asibiti a Kano an ce an makara, ganin zai yi ta raguwa ne. Ta ce in ina da niyyar aiko hoton, to in hanzarta.

Ba zan ce ban gane ba, na gane sarai. Na tsaya gaban madubi na gwada danna hula, ta ƙi. Na yi tunanin askewa, sai na tuna tsiyar da abokaina za su yi mini, da kuma tafiyar da muka shirya a hutun bazara. Na ce wa kaina ciwon ido ba ya sauri haka, in mun dawo sai in aske in ɗauka. Na sayi tabarau ba tare da sanin ko zai yi mata ba, na haɗa da sabbin hotunan gadoji da majami'u na aika. Da muka dawo jarrabawa ta taso, bayan jarrabawa wata tafiyar ta taso. Haka na yi ta ɗagawa har na gama karatu.

Da na sauka a Kano, kafin in nemi motar Wudil sai da na nemi wanzami ya kwashe sumar tas, aikin da bai ɗauke shi minti goma ba. Na isa gida da hula da babbar riga, mahaifina ya ji daɗi, dattawa suka ce yaro ya je ya dawo da tarbiyyarsa. Da na shiga ciki na durƙusa a ƙofar ɗaki na gaida Inna. Ta amsa a taƙaice kamar yadda ta saba, ta tambayi hanya, fuskarta tana kallon wani gefe da ba nan nake ba. Ƙanwata ta raɗa mini cewa tun damina ta daina gani gaba ɗaya. Na so ta miƙo hannu ta shafa fuskata, amma kunya ba za ta bar ta ba, ni ma ban iya roƙa ba.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta buɗe wata kwalla a ɗakin Inna ta ɗauko mini hoto guda, naɗe a cikin tsohon ɗankwali, gefensa duk ya lanƙwashe. Hoton wani kanti ne a Faris da na ɗauka don kayan da aka jera. A jikin gilashin kantin ga inuwata nan 'yar ƙarama, da sumar da wandon da komai, ni ban taɓa lura ba. Ta ce ranar da wasiƙar ta zo mahaifinmu yana kasuwar shanu, shi ya sa aka fara buɗe ta a cikin gida. Inna ce ta gano ni da kanta, ta gane ni da tsayuwata, ta zare hoton ta ɓoye kafin ya kai zaure. Ta ce da hantsi takan fito da shi rana ta kai shi dab da idonta, haka ta yi ta yi har ranar da ta daina ganin komai. Sau ɗaya kawai ta yi magana a kansa, ta tambayi ƙanwata ko babu wanzamai a ƙasar.

Inna ta rayu shekaru da yawa bayan haka, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na yi mata abin da ɗa zai yi wa uwa gwargwadon hali, amma wannan ɗaya ya wuce ni, kuma har yau ina jin ciwonsa. Abin da na koya shi ne, wanda kunya ta hana shi roƙo, in ya aiko sau ɗaya to ya kai maƙura, kada a jira ya maimaita. Ku ɗalibai masu fita waje, ku je ku ga duniya, ban hana ku ba. Amma ku sani na gida ba gine-gine suke jira ba. Ku miƙa wa wani kyamarar ku tsaya a ɗauke ku yadda kuke. Hoton yana wurina yanzu, nakan ɗauko shi in duba abin da ta yi ta dubawa. Suma tana nan, tsayuwa tana nan, fuskar ce kawai babu, kyamara ta rufe ta.