Madarar da Ta Tsinke

Kumfar ce ta ƙi tashi. Na zuba madara a butar ƙarfe, na tura bakin injin tururi a ciki kamar yadda aka koya mana, amma maimakon ta kumbura ta yi laushi sai ta tsinke, ruwa gefe guda, gudaji gefe guda. Na kai hanci. Ba ta yi wari ba tukuna, sai dai akwai wani tsami-tsami a ƙasa wanda duk wadda ta tashi a Gwandu, inda ake tatsa a bayan gari, ta san shi.

Manajan gidan gahawar yana tsaye a bayana. Na ce, "Oga, wagga madara ta lalace."

Ya leƙa butar, ya leƙa teburin da 'yan matan jami'a ke zaune suna dariya. Su ne kaɗai suka shigo mana tun safe.

"Buɗe wani kwalin."

Na buɗe, shi ma da ɗumi. Firjin ya kwana babu wuta.

"To kar ki dafa. Mai sanyi za ki yi musu. Ƙanƙara da yawa, zaƙi da yawa. Ko ke kika fi kamfani sanin madara?"

Ƙanƙarar ma a kasuwa ya aika aka sayo. Na yi yadda ya ce.

Da aka buɗe wurin nan a Kalgo, kusa da hanyar jami'a, sai da mutane suka yi layi. Reshe ne na wani kamfani mai gidajen gahawa a Abuja da Legas. Gilashi tun daga ƙasa har sama, sanyin na'ura, kujeru masu laushi. Na gama sakandare ina zaune a gida babu abin yi, kawuna ya samo mini aikin, na baro Gwandu na dawo gidansa. Ranar da na fara sa rigar aiki na ɗauki hoto na aika wa mahaifiyata.

Mutane sukan ce tsada ce ta kore su. Gaskiya ne, kuɗin kofi ɗaya ya isa cefanen gida na yini, kuma duk lokacin da mai ya tashi sai a aiko mana da sabon farashi daga sama. Amma ni da nake tsaye bayan kanta na ga abin da ya fi tsadar ciwo. A garinmu ba ka kai abu baki wani na kallonka ba ka ce masa bismillah ba. A wajen mai shayi, in ka zauna abokinka ya iso, sai ka ɗaga murya ka ce a haɗa masa, ba ka ko jin nauyin abin. A wurinmu kuwa kowane kofi na mutum ɗaya ne, har da murfi. Na sha ganin babban malami yana shan gahawarsa, ya hango abokin aikinsa ta gilashi, sai ya juya kujera ya fuskanci bango. In ya yi tayi aljihunsa ya ƙone, in bai yi ba an tafi da shi a baki. Daga baya ya daina zuwa. Kuma dokar kamfani ce kada wanda bai saya ba ya zauna, kada a ba da ƙarin kofi don a raba abin sha, kada a yi gyara. Ni ake turawa in tashi mutum. Na taɓa tayar da wani tsoho sa'an kakana da ya rako ɗansa.

Haka aka watse. Aka koma tsallaken titi, inda mai shayi ke da benci, kusa da shi kuma wata dattijuwa Bafulatana mai fura da nono a gindin dalbejiya. Asalin mutanenta rugar wajen Gwandu ce, suka sauko da shanu ta wajen Wurogauri. Da ta ji daga inda nake, sai ta riƙa kirana ɗiyar Gwandu, ni kuma ina ce mata Inna. In na saya sai ta ƙara mini ludayi guda. Manaja kan tsaya a gilashi yana kallon taron da ke gabanta, yana cewa ƙauyawa ba su san daɗi ba. Da ciniki ya mutu, sai ya fara kashe janareta in babu kowa, don kada a ga ya ƙona mai a banza.

'Yan matan nan kofi ɗaya babba suka saya. Kowacce ta riƙe shi aka ɗauke ta hoto, sannan suka riƙa zagayawa da shi baki-baki har ya ƙare. Ina kallo, ina roƙon Allah a zuciyata. Da suka fita, tun da kofi ɗaya ba ya ƙosar da kowa, suka tsallaka wajen Inna ta dama musu fura.

Bayan azahar wata mota ta tsaya a ƙofa da ƙarfi. Samari ne, yayyen ɗaya daga cikin 'yan matan, ɗiyar wani mai hali a gari. Babban ya ce, "Wace ce ta haɗa abin sha da safe?"

Na juya neman manaja. Ƙofar baya a buɗe take, babur ɗinsa ba ya nan.

Marin da ya yi mini sai da kunnena ya toshe. Ya ce ƙanwarsa da ƙawayenta suna asibiti, amai da gudawa, ita har an sa mata ruwa ba ta gane mutane. "In ta mutu, wallahi ke ma kin mutu." Suka jawo ni waje da hijabina. Mutanen da suka daina shigowa wurinmu duk suka taso daga benci. Wata mata da na sani a unguwar kawuna ta ce, "Ai ga ta nan, mai tashin tsofaffi daga kujera. Yau ke ma an tashe ki." Aka yi dariya. Wani ya watsa mini ragowar shayinsa a ƙafa, da zafinsa. Inna ce kawai na ji tana cewa, "Ku bar yarinya, ku ji tsoron Allah."

A ofishin 'yan sanda aka sa na cire takalmi na zauna a ƙasa bayan kanta. Wata 'yar sanda ta ce in fara addu'a, don in yarinyar ta cika, laifin kisa ne, kuma ba a belinsa. Na tuna mahaifiyata da ke nuna wa maƙwabta hotona. Fitsari ya kama ni, na kasa tambaya.

Kawuna ya zo da gumi, ya durƙusa yana ba kowa haƙuri. Can sai ga manaja ya shigo, ya canza riga, yana riƙe da waya a kunne yana cewa "to ranka ya daɗe" ga wani na sama. Ya miƙa wa babban jami'in wayar, suka shiga ciki. Sun daɗe. Da suka fito, jami'in ya aika a zo da mai fura.

Aka shigo da Inna babu kallabi. Daga baya na ji cewa samarin nan sun riga sun koma wajenta, sun fasa ƙorenta a kan titi, nonon ya kwarara cikin kwata, kuma waɗanda suke sha a wajenta kullum suna tsaye suna kallo.

Jami'in ya ce, "Kamfani mai rassa a manyan birane, madararsa a kwali take zuwa da hatimi. Ke kuma da wane ruwa kike wanke ƙwarya?"

Inna ta ce, "Ɗana, tun safe mutane nawa suka sha? Wa ya kwanta ciwo in ba 'yan matan nan ba?"

Na ce, "Yallaɓai, madararmu ce. Ta tsinke a hannuna, na gaya wa oga."

Manaja ya yi murmushi. "Ni ba ta gaya mini komai ba."

Jami'in ya sunkuyo har ina jin warin goronsa. "Yarinya, ki yi tunani. In madarar ce, hannun wa ya zuba? Kin ga ta lalace kika ba mutane. Haka kike son in rubuta?"

Na ce, "An sa ni ne, amma madarar..."

Kawuna ya damƙe mini baki da tafinsa, ya matse har haƙorina ya huda leɓena. "Ruɗewa ta yi, yallaɓai. Ba ta san mi take faɗi ba. Yi shiru, ɗiyar banza, so kike ki kashe uwarki?"

Har yau ban sake bin hanyar jami'a ba. An ce gidan gahawar ya rufe, yanzu shagon sayar da waya ne.

Daf da magariba aka bugo daga asibiti cewa yarinyar ta farfaɗo, ta nemi ruwa. Babu wanda ya ce a saki Inna. Aka ce za ta kwana har danginta su zo a yi maganar kuɗin magani. Tana zaune a inda na tashi, tana murza yatsun ƙafarta. Ta ɗago ta ce, "Ɗiyar Gwandu, in kin ga wani mai zuwa wajenmu, ki ce a ɗaure maruƙa. Mutanen gida ba su san inda nake ba."

Ban san kowa mai zuwa wajensu ba. Na ce to.

'Yar sandar nan ta turo mini takalmina da ƙafa. Jami'in bai ko dube ni ba, yana nannaɗe hannun riga zai yi alwala.

"Ke babu ruwanki," ya ce. "Kin tsira. Tahi gida."