Kawu Ba Ya Shiri da Na Uku

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, sana'arsa sa tayil. Duk gidan da ya shiga, kafin ya gaida mutanen gidan idonsa ya riga ya gaida daɓen ɗakin. In ya hangi layi ɗaya ya karkace, to ya dinga mutsu-mutsu ke nan a kan kujera kamar an zuba masa ƙaiƙayi, har a tashi hira. Mama tana ce masa Auta, mu muna cewa Kawu, Baba kuwa ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai Mai Taswira.

A makon da nake ba ku labari, Kawu shirin barin gari yake. Gwiwoyinsa sun gaji da durƙuso a kan siminti, babban ɗansa ya ce aikin ya isa haka, ya tattaro ya koma wajensa, can inda sai an wuni an kwana a hanya. Ranar Asabar mota za ta zo. Shi kuma Baba ya rantse Kawu ba zai bar garin nan ba sai ya zauna kusa da shi sun buga Na Uku, ko da sau ɗaya ne. Kawu ya ce sai dai a ɗaure shi a kai shi. Mu dariya muke, amma na san in motar nan ta tashi ba su shirya ba, tsofaffin nan biyu za su rabu da abu a zuci, kuma babu wanda zai fara kiran ɗan'uwansa a waya.

Bari in koma baya kaɗan. Baba direba ne a wani kamfani. Shekarar da ofishinsu ya canza kwamfutoci, aka ba shi wata tsohuwa mai ƙaton ƙeya, haɗe da kwalin faya-fayai. A ciki ya tsinci wani wasa, irin wanda za ka ƙirƙiri jarumi, ka raɗa masa suna, ka raba masa ƙarfi da wayo, sannan ka tura shi cikin koguna yana faɗa da dodanni yana tsintar takubba. Sunan wasan da Turanci yake, dogo ne, babu wanda ya taɓa faɗinsa iri ɗaya sau biyu a gidanmu. Kashi uku ne, sai muka huta muna cewa Na Ɗaya, Na Biyu, Na Uku.

Na Ɗaya da Na Biyu ba su da tausayi. Bango duk iri ɗaya ne, babu taswira, ka danna maɓalli jarumi ya yi taku ɗaya. Baba, mutumin da ya san kowane lungu na garin nan, ya shafe makonni yana zagaye a ɗaki guda, yana gumi yana zagin kwamfuta. Wata rana Kawu ya zo aron tsani, ya tsaya a bayansa yana kallo. Can ya ce, "Yaya, wannan ai tayil ne. Kowane taku tayil ɗaya." Ya fita ya yago kwalin tayil daga bayan babur ɗinsa, ya ja layuka da rula, ya zaro fensir daga bayan kunne. Tsanin dai har yau bai ɗauka ba.

Tun daga ranar, duk Lahadi da rana Baba na kan kibod, Kawu na kan 'yar kujera da kwali a cinya. "Gaba. Gaba. Dama. Tsaya, Yaya, rami ne!" Jaruminsu Ƙato suka sa masa. In Ƙato ya mutu sai ka ga falo ya yi tsit kamar an aiko da mugun labari, in ya kashe dodo kuwa maƙwabta ma sai sun ji. Kwalaye suka cika ƙarƙashin gadon Mama, ta yi mita har ta gaji ta fara share musu ƙura.

Sai Na Uku ya shigo gida. Baba ya kawo shi yana washe baki. Launi, kiɗa, garuruwa masu kasuwa, ga abokan tafiya da suke magana da bakinsu, suna faɗa da juna, suna yin fushi. Kawu ya zo da sabon kwali, ya zauna zama ɗaya, ya tashi ya ce yana da aiki. Daga ranar ya ƙulla gaba da Na Uku, gabar da ta girmi autarmu, ga ta nan yanzu har ta gama makaranta.

Ranar Alhamis na taso daga aiki na tarar da su a teburin cin abinci, kowa ya ɗaga cokali yana nuna ɗan'uwansa. Ina shiga Baba ya ce, "Yauwa, ga alƙaliya ta zo. Zauna ki raba mu."

"Ni yunwa nake ji, Baba."

"Alƙali ba ya cin abinci ana shari'a," in ji Kawu. "Ki rubuta, da tsohuwar zuma ake magani. A Na Ɗaya in ka mutu ka mutu, babu mai lallashinka. A Na Biyu, matsafi sai ya haddace tsafinsa, in ya manta ya sha duka. Wannan shi ne wasa. Na Uku kuwa ɗura yake maka kamar jariri."

"Ki rubuta," in ji Baba, "a Na Ɗaya ɓera ne ya yi wata guda yana kashe mu a bakin ƙofa. Ɓera! Ni da iyalina, ɓera yana kashe ni!"

"Ɓeran nan ya koya maka tarbiyya."

"A Na Uku kana iya zama da dodo ku yi magana, ka ji damuwarsa, ku rabu lafiya ba a zubar da jini ba."

"To ka ji! Mutum ya sayi takobi ya tafi sulhu. Kuma waɗannan abokan tafiyar, surutu kamar tasha. Kana tsakiyar yaƙi wani yana ba ka labarin yadda ubansa bai so shi ba. Ina ruwana?"

"Labarin nan ya sa ni hawaye!" Baba ya buga tebur har shayi ya fantsama. "Ita ma ɓarauniyar nan mai ido ɗaya, da za ka ji abin da ya same ta..."

Mama ta leƙo daga kicin. "Ita ce wadda ka taɓa kiran sunanta a cikin barci?"

Kawu ya ƙyalƙyale har ya sarƙe da ruwa, ni kuma na kifa kaina a tebur. Baba ya ce wannan magana ba ta cikin shari'a. Na ce ni dai hukuncina shi ne duk su biyun su je a auna musu hawan jini. Ba wanda ya saurare ni.

Da dariya ta lafa, Baba ya sassauta murya. "Mai Taswira, ka san ana iya tsallakar da jarumin Na Biyu zuwa Na Uku, da takobinsa da komai."

"Na sani. Ai ka daɗe da kai Ƙato can, ya koyi surutu."

"Ban kai shi ba. Yana nan a faifai, a bakin ƙofar ƙarshe, inda muka bar shi. Wasu jarumai na ƙirƙira na yi ta bugawa da su. Ƙato namu ne mu biyu, ba zan tsallakar da shi ni kaɗai ba. In ka tafi jibi, a nan zai tabbata a tsaye."

Kawu ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Kallo kawai zan yi," ya ce. "Kuma ba don wasan ba, don Ƙato."

Washegari da rana muka hallara a falo. Tsohuwar kwamfutar ta yi tari, ta yi nishi, ta kawo haske. Kawu ya zauna a 'yar kujerarsa ta da, amma ya juya rabin baya, ya harɗe hannu, fuska a murtuke. Baba ya sa faifai. Can sai ga Ƙato ya bayyana da tsohon takobinsa da garkuwar da suka sha wahala kafin su samu. Tsofaffin nan suka miƙe tare suna ihu, "Ga shi nan! Wallahi shi ne!" Kawu ya tuna yana fushi, ya koma ya zauna ya sake harɗe hannu.

Baba ya kama maus yana ja, Ƙato yana bi. Kawu yana ta tsaki a bayansa. "Dubi wani launi kamar shagon fenti. Ji wani kiɗa." Suka wuce kasuwa, suka sauka wani gidan ƙasa, suka isa wani ɗaki mai akwati a tsakiya da fitilu a bango.

"Wannan akwatin," in ji Baba yana yi mini bayani, "duk wanda ya buɗe sai ya fashe da shi. Babu makawa, haka aka yi shi. Sai dai ka sha magani bayan nan."

Ya kai maus kan akwatin. Kawu ya zabura daga kujera, gwiwa ko ba gwiwa, ya riƙe masa hannu.

"Wane irin babu makawa! Za ka ƙona mana Ƙato a banza? Ja fitilar bangon hagu tukuna, ta tsakiya!"

Baba ya ja fitilar. Aka ji ƙaras, akwatin ya buɗe salin-alin, bangon baya kuma ya tsage, wata ƙofa ta bayyana da matakala a bayanta. Ƙofar da Baba bai taɓa gani ba duk tsawon shekarun nan.

Baba ya juyo a hankali. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Auta," ta ce, "a ina ka san fitilar hagu?"

"A... ai hankali ne. Kowa ya duba bangon zai ga layin bai daidaita ba."

"Ƙarya kake!" Baba ya daka tsalle. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya! Ya buga! Jama'a, ya buga!" Ya shiga zagaye falo yana rawa, hannu ɗaya a ƙugu saboda ciwon baya, ɗaya yana nuna Kawu. Mama ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye da gefen zane. Ni cikina har ya ƙulle.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kawu ya faɗi gaskiya, kansa a ƙasa. Ashe tuntuni ya sayi wata kwamfuta ta hannu ya ɓoye a bayan shago, tsakanin buhunan siminti. Ya gama Na Uku ya sake gamawa, ya yi sulhu da dodanni, har labarin ɓarauniya mai ido ɗaya ya sani, kuma shi ma ya yi hawaye.

"To faɗi," in ji Baba yana haki. "Faɗi a gaban alƙaliya. Wanne ya fi?"

"Na Uku ya fi," Kawu ya ce. "Ya fi su nesa ba kusa ba. Shi ya sa na tsane shi."

Baba ya tsaya da rawa. Kawu ya zaro fensir daga bayan kunne, ya nuna kusurwar allon kwamfutar ta sama. Akwai wani ɗan akwati a wurin, inda taswira take zana kanta duk inda Ƙato ya taka.

"Ranar farko na zo da sabon kwali, na fiƙe fensir. Ka fara tafiya, na ga abin nan yana zana wa kansa. Ka yi ta tafiya, Yaya, har yamma, ko sau ɗaya ba ka waiwayo ka tambaye ni hanya ba. To zaman me zan yi? Gara in ce wasan ne ba shi da kyau."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Sai Baba ya fita tsakar gida, inda aka jera kwalayen kayan Kawu na tafiya, muka ji ƙyaat, ya yago murfin ɗaya. Ya dawo da salatif a baki, ya yanki kwalin daidai, ya manna shi a kan kusurwar allon har taswirar ta ɓace. Ragowar kwalin ya ɗora wa Kawu a cinya.

Ya zauna, ya kai Ƙato bakin sabuwar matakalar. "Na ɓata, Mai Taswira. Ina muka nufa?"

Kawu ya ja hanci, ya dubi kwalin da aka manna. "Ya karkace," ya ce. Ya miƙe ya gyara shi, sannan ya zauna ya fara jan layi. "Sauka. A hankali, akwai ɓera a ƙasa."

"Ɓera kuma?"

"Jikan wancan ne."

Mota ta zo ranar Asabar, ta tafi da Kawu da kayansa da fensirinsa. Yanzu duk Lahadi da rana Baba yakan jingina waya a jikin kofin shayi ya buɗe murya. Yana faɗin abin da yake gani, daga can nesa kuma ana cewa, "Gaba. Dama. Tsaya, Yaya!" Gardama ba ta mutu ba, sai dai ta sauya. Baba ya fara cewa Na Biyu ma yana da nasa daɗin, Kawu yana ce masa bai san wasa ba.

Kwalin yana nan a kusurwa, salatif ɗin har ya yi ja. Wani lokaci layi yakan yanke suna tsakiyar kogo. Na taɓa cewa, "Baba, ɗaga kwalin mana ka leƙa, ai ba zai sani ba." Ya harare ni, ya ɗauke hannu daga maus, ya bar Ƙato a tsaye, ya zuba wa wayar ido yana jira.